Taku Dubu Ashirin a Gaban Teburin Guga

Likita bai ɓoye musu komai ba. Ya ɗaga hoton gwiwar a gaban fitila, ya nuna inda ƙashi ke cin ƙashi, sannan ya juyo ya dubi mai guga tun daga wuya har zuwa ciki. A kan cikin ne idonsa ya daɗe.

"Babban likitan ƙashi sau biyu yake zuwa mana a shekara," in ji shi. "Zai zo nan da wata uku, kuma na sa sunanka. Amma ba zai taɓa gwiwar nan ba sai ka sauke kilo goma. Yau kana ɗari da sha biyu. Ranar da ka dawo, in sikeli bai nuna ɗari da biyu ba, zan soke sunanka in ba wani."

"Kilo goma kawai?" mai guga ya ce, kamar hula aka ce ya cire.

Umma, matarsa, tana zaune a kujerar gefe da jakarta a cinya. Ita ta saurari sauran bayanin, don shekara talatin da ɗaya na aure sun koya mata cewa kunnen mijinta yana tashi daga aiki da zarar an fara ba shi shawara. Likita ya ce a rage burodi, a rage sukari da mai, a daina lemon kwalba. Ya ce a riƙa tafiya a hankali minti ashirin da safe, minti ashirin da yamma. Ya ce lissafin ba shi da wuya: abin da jiki ya ƙona ya fi abin da baki ya ci. Mai guga yana ta gyaɗa kai yana duban kwalar rigar likita, wadda a ganinsa ba a goge ta da kyau ba.

Shagon wanki da guga shi ne duk abin da suke da shi. Ɗaki ɗaya ne a bakin titi, da dogon tebur da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, da dutsen guga biyu, da igiyar rataye kaya. A bayan shagon akwai ɗan fili inda Umma ke wanki da shanya. Ita ke wankewa, ita ke sa sitaci, ita ke kai wa mutane kayansu gida ta karɓo masu datti. Shi kuwa guga ce tasa, kuma a faɗi gaskiya, babu mai fitar da kari kamarsa a duk layin. Sai dai guga aikin tsayuwa ce, gwiwar kuma ta fara ƙin tsayuwar. Bara yakan yi awa uku bai zauna ba. Bana kowane rabin awa sai ya jawo kujera yana murza ƙafa yana tsaki. Umma tana ganin haka ta taga, kuma ta san ranar da ya kasa tashi daga kujerar nan, ranar za a fara tunanin rufe shago.

Auta ce ta kawo agogon. Ita ce ƙaramar 'yarsu, tana aiki a shagon sayar da wayoyi, kuma ita kaɗai ce a duniya take faɗa wa ubanta magana ya ji. Ta zo ranar Lahadi da ɗan kwali, ta fito da baƙin agogo mai fuska kamar ta waya.

"Baba, wannan zai riƙa ƙirga maka taku, ya kuma gaya maka kalori nawa ka ƙona. Kalori shi ne ƙarfin da ke cikin abinci. In ka ƙona fiye da wanda ka ci, ƙiba za ta sauka."

Ta tambaye shi shekarunsa, ya rage uku. Ta tambaye shi nauyinsa, Umma ta amsa kafin ya buɗe baki. Auta ta shigar da komai a waya, sannan ta kama hannunsa na hagu ta ɗaura masa, kamar yadda kowa ke ɗaura agogo. Ta manta, ko kuma ba ta ga abin tunawa ba, cewa ubanta bahago ne. Da hagu yake riƙe dutsen guga tun yana saurayi.

Ranar Litinin ya tsaya a gaban teburinsa daga safe har yamma. Ya goge riguna talatin da shida, wanduna ashirin, zannuwan gado tara da labulen wata makaranta. Dutse ya tafi, dutse ya dawo, ya tafi, ya dawo. Iyakar tafiyar da ƙafarsa ta yi ita ce zuwa bayan gida sau uku da leƙa shagon maƙwabcinsa mai aski sau ɗaya. Da suka rufe shago suka koma gida, ya danna agogon, sai ya ƙura masa ido. Can sai bakinsa ya fara buɗewa har kunne.

"Maman yara, zo ki gani."

Ta zo tana goge hannu a zani. Agogo ya ce taku dubu ashirin da ɗaya da ɗari huɗu. Ya ce kalori dubu ɗaya da ɗari uku. Har da ɗan hoton kofi na zinariya yana juyawa.

"Ina ka je yau?" ta tambaye shi.

"Ina kuwa zan je? Ba a gabanki nake ba?"

"To takun fa, a ina ka yi shi?"

"Ke a tunaninki sai mutum ya bar gari sannan jikinsa ya yi aiki? Wannan na'ura ce, ba hasashe take yi ba. Abin da idonki ba ya gani take gani. Shekara nawa ina gaya miki aikin nan nawa ba wasa ba ne, kina kallona kamar mai shafa riga don nishaɗi. To ga shaida."

Umma ta dubi agogon, ta dubi ƙafarsa da ya ɗora a kan matashi. Abin bai kwanta mata ba, amma ba ta da abin da za ta kafa hujja da shi. Ta ce Allah ya sa haka ne, ta koma wajen tukunya.

Kafin mako ya ƙare, duk wanda ya kawo riga ɗaya shagon sai ya ji lambar ranar. Mai aski, wanda shi ma cikinsa ke riga shi shiga ɗaki, ya roƙi a ara masa agogon na rabin yini. Ya ɗaura a hannun da yake riƙe injin aski, ya yi wa mutum goma sha ɗaya aski, ya dawo da taku dubu tara. Daga ranar layin ya samu masana biyu.

"Ka ga mu masu aikin hannu," in ji mai aski, "an daɗe ana raina mu. Su waɗancan masu sa gajeren wando suna gudu da asuba, nawa suke yi? Dubu shida, dubu bakwai. Kai kana tsaye wuri ɗaya ka ninka su uku."

"Ga zafin dutse kuma," in ji mai guga. "Gumin nan da kake gani ba ruwa ba ne. Kitse ne yake narkewa."

"Ai a fuskarka ma ana gani."

Ba a ganin komai a fuskarsa sai kumatu, amma mai aski mutum ne da ya saba gaya wa mai sanƙo cewa gashi na nan tafe.

Tafiyar minti ashirin da likita ya ce a yi, ita aka fara jefarwa. Me mutum zai yi da minti ashirin bayan ya yi taku dubu ashirin? Wannan ai neman suna ne. Daga nan aka zo kan abinci. Ya sa Auta ta karanto masa kalorin kowane abu daga waya, ya rubuta a bayan kwalin sitaci, ya kafe da ƙusa a saman teburin guga. Yankan burodi tamanin. Soyayyen ƙwai casa'in. Kwalbar lemo ɗari da arba'in. Farantin shinkafa ɗari huɗu, ba tare da an faɗi girman farantin ba, shi kuma bai ga dalilin tambaya ba. Auta ta ba shi jerin ne don ya san abin da zai guje wa. Shi kuwa ya karanta shi a matsayin jerin abin da ya cancanta.

Da azahar zai danna agogo, ya ɗaga kai ya dubi kwali, leɓɓansa suna motsi.

"Ɗari bakwai zuwa yanzu. In na sha lemo biyu, saura ɗari huɗu da ashirin. Da burodi yanka uku, har yanzu ina da saura. Maman yara, a soya ƙwai biyu."

"Likita ya ce a daina lemo."

"Likita ya faɗi haka ne kafin ya san ko ni wane ne. Da mutanen ofis yake magana, masu zama. Ni in ban mayar da abin da na ƙona ba, wata rana a kan rigar mutane za ki tsince ni."

A mako na biyar wandonsa ya ƙi maɓalli. Ya ce Umma ce ta wanke shi da ruwan zafi ya tsuke. Ta ce shekara talatin tana wanke wandunansa, ba su taɓa tsukewa a ƙugu kaɗai ba. Ya kai ƙara wajen mai aski, mai aski ya yanke hukunci cewa tsoka ce take fitowa, tsoka kuma sai ta fara kumbura kafin ta zauna. Umma ta ce akwai sikeli a kemis ɗin kan kwana, su je ya hau. Ya ce sikelin kemis na masu tallan magani ne, ƙara wa mutum yake yi don ya tsorata ya saya. Ban da haka, hawa sikeli a tsakiyar aiki yana karya zuciya. Wannan ma mai aski ne ya faɗa.

Duk wannan Umma ta iya haɗiye shi. Abin da ya tsaya mata a wuya ya faru ne wata Laraba, a mako na bakwai.

Ta dawo daga kai kaya ke nan, ta zauna a bakin ƙofar shago tana mayar da numfashi. Akwai wata mata da ta kawo labule tana jira, ga mai aski ya jingina da bango. Umma ta ce, ba da kowa take ba, ƙafafunta kamar ba nata ba.

"Kun ji fa," in ji mai guga. "Wai ta gaji. Ɗan yawon nan da take yi, ta gaisa da wannan, ta sha ruwa a gidan wancan. Mu da muke ƙona dubu da ɗari uku ba mu ce komai ba."

"Yawo?" in ji Umma.

"To mene ne? Ba sai mun yi musu ba, akwai alƙali. Gobe ki ɗaura agogon mu gani."

Ta ɗaura. Ranar Alhamis ita ce ranar dogon bene, gini mai hawa biyar da babu abin da zai ɗaga mutum a cikinsa sai ƙafarsa, kuma suna da gida goma sha ɗaya da suke yi wa wanki a ciki. Gogaggen kaya ba a ɗaukarsa yadda aka ga dama. Mai guga da kansa ya kafa dokar tun farkon aurensu: a jera su a kan hannu biyu, a miƙe hannuwan a gaba kamar an ɗauko jariri mai barci, kada a kaɗa, kada a lanƙwasa, don kada kari ya karye. Haka Umma ta ɗauka. Ta bi titi, ta tsallaka kasuwa, ta hau hawa na biyar ta sauko, ta koma shago ta ɗauko kashi na biyu, ta sake hawa. A dawowa kuma ƙunshin kaya masu datti ne ta rungume a ƙirji da hannu biyu. Sau huɗu ta yi wannan zuwa da dawowa. Hannun da agogo yake kai bai motsa ba ko sau ɗaya, don ba a yarda ya motsa ba.

Da yamma ta miƙa masa hannu ya kwance agogon a gaban mai aski. Ya danna. Ya kwashe da dariya har sai da ya dafa tebur.

"Taku dubu ɗaya da ɗari takwas! Kalori casa'in da biyar!" Ya ɗaga kai ya dubi kwalin. "Yankan burodi ɗaya da ɗan gutsure. Maman yara, duk yinin nan burodi ɗaya kika yi wa aiki."

Mai aski ya yi ƙoƙarin riƙe dariyarsa, ya kasa. Ya ce, "A yi haƙuri, Hajiya, na'ura ba ta san kunya ba."

Umma ta tsaya tana duban agogon. Cinyoyinta suna rawa, rigarta ta manne a baya. Da suka zauna shan shayi a gida, ta miƙa hannu za ta ɗauki yanka na biyu, sai ya janye farantin zuwa gabansa. Da wasa ya yi, yana murmushi.

"A'a. Kin cinye naki. Wannan na masu aiki ne."

Ta janye hannunta. A shekara talatin da ɗaya ya yi mata abubuwa da suka fi wannan girma, ta yafe kafin gari ya waye. Wannan kuwa ya shige ta, ya samu wuri ya zauna.

Washegari da safe ya shiga wanka ya bar agogon a kan taga. Umma tana zaune a kan 'yar kujera a tsakar gida, da baho a gabanta, za ta wanke rigunansu na gida kafin su fita. Ta dubi agogon kamar yadda ake duban wanda ya yi maka ƙarya a gaban mutane. Ta ɗauko shi ta ɗaura a hannun dama. Lambar tana kan sifili. Ta ɗauki burushi ta shiga dirzar kwalar riga, gaba da baya, gaba da baya. Da ta gama riga uku ta share kumfa ta duba. Taku ɗari uku da goma. Ɗuwawunta bai bar kujerar ba.

Ta ajiye burushin. Ta kaɗa hannu a iska sau goma tana kallo, lamba ta ƙaru. Ta tashi ta rungume bahon ta zagaya tsakar gida sau uku, lamba ta tsaya cik. Sai komai ya fito mata fili. Mako bakwai ke nan mijinta yana cin abincin tafiyar da dutsen guga ya yi.

Ya fito da tawul a wuya, ta tare shi.

"Malam, agogon nan hannu yake ƙirgawa, ba ƙafa ba. Ina zaune a nan na yi ɗari uku. Gugar da kake yi ce yake ɗauka taku. Ba ka ƙona abin da yake cewa ba."

Ya karɓi agogon ya duba, fuskarsa ta haɗe.

"Kin ɓata mini lissafin yau. Wa ya ce ki taɓa?"

"Ka ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji. Jiya ya kunyata ki, yau kin tashi da asuba kina neman laifinsa. Da dubu ashirin ya ba ki, da yanzu kina yabonsa. Mutanen da suka ƙera shi sun yi karatu, Maman yara. Hassada ba kyau, ko da agogo ake yi wa."

Ya ɗaura abinsa ya shige ɗaki.

Saura mako biyar a lokacin. Umma ta san abin da ya kamata ta yi, kuma ba mai wuya ba ne. Ta kira Auta, ta ce zo ki ga abin da na gani. Auta za ta zo, ta mayar da agogon hannun dama, ta yi wa ubanta faɗa cikin shagwaɓa, shi kuma ya ji. Kilo goma ba za su sauka a mako biyar ba, amma wataƙila a ga alamar ƙoƙari, wataƙila likita ya sassauta. Ta ɗauko wayar, ta nemo lambar. Sai ta tuna farantin burodi yana tafiya daga gabanta. Ta mayar da wayar cikin jaka.

Haushi ne, ba wani abu ba, kuma a kwanakin farko haushin yana da daɗi. Ta daina musu gaba ɗaya. Ta zama mace mai biyayya irin wadda mai aski ke ba da labarinta.

"Malam, ƙwai nawa agogo ya ba ka yau?"

"Uku."

"Uku za a soya."

"Kin ga yanzu kin fara fahimta," ya ce.

"Ai na fahimta sosai."

Ta riƙa ajiye masa lemo a cikin ruwan sanyi. In ya faɗi lambar ranar, ta ce sannu da hanya. Shi kuma ya amsa da yawwa, har da ɗan nishi irin na matafiyi. Tana jiran ranar sikeli kamar yadda ake jiran baƙo.

Sai dai gwiwar ba ta san ana wasa ba. A mako na goma ya fara dafa bango kafin ya hau matakala biyu na ƙofar gida. A na sha ɗaya ya fara guga a zaune, abin da ya taɓa cewa sai ragwaye, kuma kari ya daina fita yadda ya saba, har wani mai kwat ya dawo da ita. Wata safiya Umma ta gan shi ta taga ya kama gefen tebur da hannu biyu, idonsa a rufe, yana jiran zafin ya wuce. Daɗin haushin ya gudu ya bar ta da tsoro. Ta ƙirga kwanakin da suka rage, goma ne. Kwana goma ba sa gyara komai. Yanzu kuma in ta kira Auta, tambayar farko da za a yi mata ita ce tun yaushe ta sani. Ta ci gaba da yin shiru, amma wannan shirun daban ne da na farko, ba ya barin ta ta ci abinci.

Ranar asibiti ya sa farar rigarsa da ya goge da kansa, Auta ta ɗauki hutu ta raka su. A hanya yana ta tsara yadda zai nuna wa likita lambobin. Ya ce wataƙila ma a ce ya wuce gona da iri, a roƙe shi ya ɗan ƙara ci.

Nas ta ce ya hau sikeli. Ya hau yana murmushi. Ta duba, ta rubuta, ta faɗa da ƙarfi kamar yadda suke yi ba tare da sun dubi fuskar mutum ba.

"Ɗari da sha bakwai."

"Ɗari da bakwai?"

"Da sha bakwai, Baba."

Ya sauka ya cire takalmi. Ya cire hula. Ya fito da makullan shago ya miƙa wa Umma. Ya sake hawa a hankali, kamar zai lallaɓa sikelin. Nas ta ce ɗari da sha shida da rabi, in hakan zai yi masa daɗi.

A ofishin likita ya ƙi zama sai da ya gama bayani. Ya sa Auta ta buɗe waya, ga layuka dogaye na wata uku, kusan kowace rana sama da dubu ashirin. Ya ce ko dai sikelin asibiti ya lalace, ko kuma tsoka ce. Likita ya karɓi wayar ya duba na ɗan lokaci.

"Da wannan gwiwar kake taku dubu ashirin?"

"Kullum, ban da Lahadi."

"Me kake yi ranar Lahadi?"

"Hutu. Ba na buɗe shago."

"Sana'arka fa?"

"Guga."

"Da wane hannu?"

Mai guga ya ɗaga hagu, da agogon a jiki. Likita ya ce ya zauna. Ya tura masa wani littafi mai kauri a kan tebur, ya ce ya nuna masa yadda yake goge riga. Mai guga ya dafa littafin, ya tura shi gaba, ya dawo da shi, har da ɗan juyin nan da yake yi a wajen kafaɗa, don ko a nan ba zai yi aikin banza ba. Likita ya bar shi ya yi minti ɗaya, sannan ya ce ya duba agogon. Taku hamsin da huɗu suka ƙaru.

Auta ta toshe baki da hannu.

"Waɗannan agogunan kintace suke yi daga motsin hannu," in ji likita, muryarsa ba faɗa a ciki. "Ko ga mai tafiya ta gaske ba daidai suke faɗa ba, balle a ci abinci da lambarsu. Guga aiki ce, tana ƙona wani abu, amma ba ta kai rabin abin da ya rubuta maka ba." Ya jawo takarda, ya ja layi ɗaya a kan sunan. "Sai zuwansa na gaba, wata shida. Yanzu kilo goma sha biyar ne. Kuma gaskiya ban so ka ci gaba da tsayuwa a kanta ba, ɗayar gwiwar ma ta fara ɗaukar abin da ba nata ba."

"Laifina ne," Auta ta ce tana kuka. "Ni na ɗaura masa a hagu. Umma, da mun sani ai da tuni..."

Umma tana duban makullan da ke hannunta.

Da suka fito baranda, ya yi taku kamar goma, gwiwar ta ƙi. Ya jingina da bango, farar rigar tana shafar fenti, bai ma kula ba. Nas ta turo keken marasa lafiya. Ya buɗe baki zai ce ba ya so, sai ya rufe, ya zauna. Auta ta karɓi takardar magani ta tafi layin karɓa, ta ce su jira ta a bakin ƙofa. Umma ta rataya jakarta a wuya ta kama keken.

Barandar doguwa ce. Sun wuce ɗaki huɗu kafin ya yi magana, bai juyo ba.

"Ai kin faɗa mini."

"Sau ɗaya na faɗa."

"Ni ne ban ji ba."

Da ta bar shi a haka, da ya ɗauki laifin duka ya tafi da shi gida, kuma ya cancanci mafi yawansa. Amma ta gaji da ɗaukar nata a ɓoye.

"Da na kira Auta da ka ji. Na ɗauko wayar, na mayar. Mako biyar ina soya maka ƙwai, na san abin da nake yi."

"Me ya sa?"

"Haushinka nake ji."

Ta jira ya yi faɗa. Ta so ma ya yi, don faɗa abu ne da ta san yadda ake yi da shi. Bai yi ba. Ta ga bayan wuyansa kawai, da gashin da ya fara fari a gefen kunne, sai tausayinsa da kunyar kanta suka taso mata tare har idonta ya cika.

A ƙarshen barandar akwai ɗan tudu da aka yi wa kekuna kafin a kai ƙofar fita. Ta tsaya a gindinsa tana gyara riƙo.

"Wata shida," ya ce a hankali. "Wa zai tsaya a teburin?"

Umma ta dubi tudun. Su biyu ne a shagon, kuma ɗaya yana zaune. Ta tura jakar bayanta, ta kafa ƙafa, ta sa ƙirji ta fara tura shi sama.